Yadda Ake Yi wa Waƙar Gasa Sharhi, da Yadda Ake Karɓarsa

A Agege da ke Legas, in ka ji an ce an shirya gasar waƙa tsakanin matasa, yawanci ƙaramin abu ne. Wata ƙungiyar unguwa ko wasu 'yan kasuwa za su haɗa abin da ya sawwaƙa, a fitar da jigo, a ce kowa ya turo tasa kafin rana kaza. Masu shiga kuma ba da waƙa suke ci ba. Akwai mai shayi, akwai ɗan dako daga kasuwar Mile 12, akwai ɗaliba, akwai tela, akwai mai gadi a Ikeja da ke rerawa cikin dare don kada barci ya sace shi. Na zauna cikin masu saurare a irin wannan gasa, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani yaro da ya biyo ni bayan an watse, ya ce: "Yaya, kowa ya ce waƙata ta yi daɗi, Masha Allah. To me ya sa ban ci ba?" Duk wanda ya saurare shi ranar ya yaba, amma ba wanda ya ba shi abin da zai koma gida ya yi aiki da shi. Saboda irinsa na zauna na tsara waɗannan matakai.

Zan ɗauki jigon "ci-rani" a matsayin misali, domin shi ne ya fi kusa da rayuwar yawancinmu a Legas.

Tun kafin ka kunna waƙar

Ka nemi jigon gasar da sharuɗɗanta, ka rubuta su a saman takarda. Minti nawa aka yarda waƙa ta kai? An ce da kiɗa ko ba kiɗa? An yarda a haɗa wani harshe? In ba ka san abin da aka nema ba, za ka auna yaro da mudun da ba na kasuwar ba.

Sannan ka roƙi mai waƙar abu biyu. Na farko, rubutattun baitukan, ko da hoton takardar da ya rubuta da biro ne. Na biyu, in ta WhatsApp zai turo, ya turo ta a matsayin fayil, kada ya ɗora waya kusa da lasifika ya sake naɗa ta a saƙon murya, domin hakan yana cinye rabin sautin, sai ka zargi waƙar da laifin da ba nata ba.

Saurare uku

Legas ba ta da shiru, sai ka nema. Ni na fi son bayan sallar asuba, kafin janaretocin maƙwabta da hon ɗin motocin haya na danfo su tashi.

Sauraren farko, ka ajiye biro. Ka ji ta kamar yadda za ka ji waƙa a shagon mai aski. Da ta ƙare, ka tambayi kanka: me ya rage a kunnena? In amshin ne, ka rubuta. In wani ɗango ne guda, wato layi ɗaya na baiti, ka rubuta. In ba abin da ya rage, wannan ma labari ne, kuma mai waƙar yana bukatar ya ji shi.

Na biyu, ka bi ta da takardar baitukan a hannu, ɗango bayan ɗango.

Na uku, ka sa ido kan agogon waya, kana rubuta lokaci: minti 1 da daƙiƙa 20, murya ta riga kiɗa, minti 2 da daƙiƙa 5, hankalina ya tafi wani wuri. Wannan rubutun lokaci shi ne zai raba sharhinka da na mai cewa "akwai ɗan gyara" ya yi shiru. Kuma ka ji ta sau ɗaya da abin ji na kunne, sau ɗaya da lasifikar waya kawai, domin da lasifikar waya yawancin mutanenmu za su ji ta, a gindin tirela ko a teburin mai shayi. Kiɗan da ya yi kauri a kunne yakan ɓace a ƙaramar lasifika.

Raba waƙa da naɗi

Nan ne alƙalai da yawa suke zaluntar yara ba da saninsu ba. Wani yana da mai gida da ya biya masa sitidiyo, an gyara masa murya da kwamfuta, an zuba masa fiyano da ganguna. Wani kuwa a ɗakin da suke kwana su shida a Idi-Araba ya naɗa tasa, yana buga bokiti, ana jin tari da ƙarar fanka a baya. In ka bar kunnenka ya yanke hukunci shi kaɗai, mai kuɗi zai ci kullum.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. Na kashe wayar, na rera amshin kowace waƙa da bakina, ba kiɗa. Wadda ta tsaya da ƙafarta, waƙa ce. Wadda ta zube da zarar an janye mata kiɗa, ado ne ya riƙe ta. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi zamaninsa, kuma har yau ana rera abin da ya bari. Saboda haka in za ka yi maganar naɗi, ka ware ta gefe, ka ce: "Wannan ba laifin waƙar ba ne, amma in za ka sake naɗawa, ka kashe fanka, ka ja wayar baya kaɗan daga bakinka, ka rataya bargo ko tabarma a bango don rage amon ɗaki." Magana biyu ta isa, ka wuce.

Jigo, inda ya kamata ka fi daɗewa

Gasa ce mai jigo, don haka tambaya mafi girma ita ce: waƙar nan ta zauna a kan abin da aka ce? Ka gwada faɗin abin da take cewa a jimla ɗaya. In ka kasa, ko dai ka sake saurare, ko dai mai ita ma bai yanke shawarar abin da yake son faɗa ba.

Laifin da na fi gani shi ne a ambaci jigon a baitin farko don cika sharaɗi, daga nan a sulale. Yaro zai buɗe da sunan Allah da salati, ya ce ya zo Ikko, wato Legas, neman halali, sai baiti na uku ya koma kan wata yarinya, na huɗu ya shiga yabon Alhajin da ya ɗauki nauyin gasar, na biyar ya yi wa mahassada habaici. Kowane baiti yana iya zama da daɗinsa, amma ci-ranin ya tsaya tun a tasha. Sai dai ka lura, soyayya tana iya zama cikin jigon. In yarinyar tana gida tana jiran ya tara kuɗin lefe, to ita ce ma dalilin ci-ranin. Abin dubawa shi ne ko baitin yana komawa ga uwar maganar.

Laifi na biyu ya fi wuyar gani, domin waƙar tana kan jigo daga farko har ƙarshe, amma ba ta da ido. Kamar mai cewa:

*Legas birni ne mai kyau,*
*Na zo in nemi kuɗi da kyau.*

Wanda bai taɓa tsallake Jebba ba ma zai iya rubuta wannan. Ga kuma kalma ɗaya an maimaita ta don a sami amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen ɗangogi. Kwatanta da mai cewa:

*Kwandon tumatir a kaina tun asuba,*
*Inna a gida ba ta daina jira ba.*

Wannan ya taɓa tsayuwa a Mile 12 lokacin da ake sauke kayan gwari daga Arewa, wuyansa ya san nauyin kwando. Idan ka ga waƙar da ba ta da ido, kada ka ce masa "ba ta da zurfi", ba zai san inda zai kama ba. Ka tambaye shi: "Ranar da ka fara sauka a Legas, me ka fara gani? A ina ka kwana? Wa ya fara ba ka abinci?" Amsar da zai ba ka ita ce baitin da ya kamata ya rubuta. Na taɓa yi wa wani ɗan acaɓa wannan tambaya, sai ya ba ni labarin yadda ya rasa abin yi bayan da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, da yadda ya riƙa ɓoye wa mahaifiyarsa a waya. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a waƙar da ya shigar. Na ce masa, ɗan'uwa, ai waƙarka tana nan ka bar ta a baki.

Kalmomi, amsa-amo da kari

Yanzu ka koma kan takarda. Ka duba ƙarshen ɗangogi: amsa-amon yana zuwa da kansa, ko an jawo kalma da ƙarfi don ta dace? Alamar jawowa ita ce kalmar da in ka cire ta ma'ana ba ta rage komai ba. Ka ja layi a ƙarƙashinta. In ya fara da ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu, ya koma ƙwar huɗu a tsakiya, ka tambaye shi ko da gangan ne.

Ka duba tsawon ɗango. Inda ya cusa gaɓoɓi da yawa, za ka ji yana gudu yana haɗiye kalmomi don ya cim ma kiɗa. Inda suka yi kaɗan, za ka ji yana jan wasali ɗaya kamar roba. Duka biyun agogonka ya riga ya nuna maka wurinsu.

Akwai kuma abin da ya shafi Hausa musamman. Harshenmu yana da hawa da saukar murya a cikin kalma, kuma karin waƙa yana iya murɗe su. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, murya ce ta raba su. Mawaƙi yana da 'yancin lanƙwasa kalma kaɗan, amma in ka ji ɗango sau biyu ba ka gane kalmar ba sai da ka duba takarda, to karin ya danne ta. Wannan yakan faru ga yaran da suka ɗauko kiɗan da aka gina don waƙar Turanci ko ta Yarbanci suka ɗora masa Hausa. Maganinsa sau da yawa sauya wurin kalmar ne a cikin ɗangon, ko kawo wata mai ma'ana ɗaya.

Ka yi hattara da abu guda. Legas ta tara Basakkwace da Bakano da Bazazzagi da mutanen Maraɗi da Damagaram, ga kuma 'ya'yan da aka haifa a Zangon Agege, waɗanda suka tashi da Hausa da Yarbanci da burokan a baki ɗaya. In Basakkwace ya ce "shina zuwa", ba kuskure ya yi ba, Hausar gidansu ce, kada ka mayar masa da ita Kananci. In ɗan Agege ya jefa kalmar Yarbanci, ka duba ko ta yi aiki. In maganar kwandastan danfo ya kawo, ai da bakin kwandasta ya kamata ta fito. In kuwa don ya rasa kalmar Hausa ce, ka ba shi ita.

Sai amshi. Shi ne abin da jama'a za su tafi da shi gida. Ya zama gajere, mai saurin kamawa, kuma ya ɗauki jigon a cikinsa. Duk wanda ya saurari Mamman Shata ya san yadda 'yan amshi ke riƙe waƙa yayin da jagora yake yawo ya dawo. In amshin yaro ya kai ɗango huɗu masu tsawo, ka ce masa ya gwada rabinsa.

Wani lokaci za ka ji karin ya yi kama da na wata sananniyar waƙa. Kada ka furta kalmar sata, balle a gaban mutane. Yawancin masu koyo ba su san sun ɗauko ba, kunne ne ya sha ya ƙoshi. Ka kira shi gefe ka ce: "Saurari wannan, ka saurari taka, ka gaya mini abin da ka ji." In sharuɗɗan gasa sun hana aron kari, to wajibi ne masu shiryawa su sani, amma shi ya kamata ya fara ji daga bakinka.

Yadda za ka faɗa

Takardarka yanzu ta cika, wataƙila da abu goma. Ka zaɓi biyu, in ya yi yawa uku, waɗanda in an gyara su waƙar za ta fi tashi. Sauran ka riƙe sai wani zama. Mai koyo da aka zube masa gyara goma ba ya gyara ko ɗaya, ajiye waƙar yake yi.

Ka fara da abin da ya yi kyau, kuma ka nuna wurinsa kamar yadda za ka nuna wurin laifi. "Ta yi daɗi" ba ta koya wa kowa komai. Yabon ma ya zama na gaskiya, domin yara suna gane yabon da aka yi don share fagen suka. Ga yadda nakan tsara nawa:

"Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Na saurare ta sau uku. Baitinka na biyu, inda ka kawo kwanan masallaci a daren farko, ya kama ni ƙwarai, kada ka taɓa shi. Abu biyu nake so ka duba. Daga minti 2 zuwa ƙarshe ka bar ci-rani ka koma kan mahassada, ni a nan na rasa zaren. Sannan a ɗango na uku na baitin farko kalmomi sun yi wa kiɗan yawa, kana haɗiye na ƙarshe. Me kake so mai saurare ya ji a ransa in waƙar ta ƙare?"

Ka lura na ce "ni na rasa zaren". Abin da kunnenka ya ji shi kake da iko a kai. Kuma ban rubuta masa sabon baiti ba. Hannu yakan yi ƙaiƙayi, musamman in kai ma kana taɓa waƙa, amma in ka rubuta masa, ta zama taka, kuma gobe ba zai iya shi kaɗai ba.

In mai waƙar ya girme ka, harshe ya sauya. Dattijon da ya shekara talatin a kasuwar Alaba Rago yana sayar da dabbobi, ya shigo gasa don sha'awa, ba za ka ce masa "gyara nan" ba. Sai ka ce: "Baba, Allah ya ƙara girma. Akwai wuri ɗaya da ban gane ba, ko za a ƙara mini haske?" Da kansa zai ga abin da kake nufi. In mace ce, ka ce Malama ko Hajiya gwargwadon shekarunta, maganarka ta tsaya kan baiti da kari, kuma ka aika ta hanyar da masu gasar suka tsara. 'Yan mata da yawa sun daina shiga irin wannan gasa saboda masu fakewa da sharhi su buɗe wata hira.

Yabo a bainar jama'a, gyara mai nauyi a keɓe. In kuma kai ma ɗan takara ne, ka riƙe sharhinka har a rufe karɓar waƙoƙi a yanke hukunci, don kada a ce kana rage wa abokin karawa ƙarfi, kuma ka faɗa masa tun farko cewa kai ma ka shiga.

In kai ne mai waƙar

Ɗaci za ka ji, ko da an faɗa da zuma. Ka yi dare kana jera kalmomin nan bayan ka wuni a tsaye, wani ya zo cikin minti biyar ya ce baiti na huɗu bai zauna ba. Wannan ɗacin ba ya nuna cewa mai maganar maƙiyi ne. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin yi na farko, ka kama bakinka har ya gama. Za ka ji kana son cewa "ai abin da nake nufi shi ne…" Ka haɗiye. Ranar da waƙar za ta shiga wayoyin mutane a Obalende ko Ijora, ba ka nan balle ka yi musu bayani. In sai da bayani ake gane baiti, to bayanin ne ya kamata ya shiga cikin baitin.

Ka rubuta abin da aka ce, da kalmomin mai faɗa. In saƙon murya ne, ka adana. Ka ce na gode, Allah ya saka da alheri, ko da ba ka yarda ba. In ya yi maka magana a dunƙule, kamar "akwai abin da ya rage", ka taimake shi ya warware: "Malam, a wane baiti ka ji haka? Kalmomin ne ko karin?" Mutane da yawa suna jin matsala daidai amma ba su iya sa mata suna ba, sai an ja su.

Kada ka mayar da martani a ranar, kada kuma ka taɓa waƙar a ranar. Ka kwana biyu.

Daga nan ka baje duk abin da ka tara, ka rarrabe. Wurin da mutum uku da ba su haɗa baki ba suka nuna, akwai matsala a wurin, ko da kowannensu ya kawo magani daban. Ka yarda da su kan inda ciwon yake, maganin kuwa kai za ka nemo, tunda waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Abin da mutum ɗaya ya faɗa kuma ya kawo dalili, ka gwada shi: ka rera yadda take, ka rera yadda ya ce, ka naɗa duka biyun a waya, ka saurara washegari. Abin da kuwa son rai ne kawai, kamar mai cewa shi ya fi son kalangu a kan fiyano, ka gode masa ka bar shi da ra'ayinsa. Haka nan wanda ya zo da gori ko ba'a, ba ka da bashin amsa a kansa. Amma ko a cikin maganar mai gori, in ya ambaci wani wuri takamaimai, ka je ka duba wurin.

Ka kuma yi hattara da yabon abokan ɗaki. Suna ƙaunarka, sun ji waƙar tun tana ɗango biyu, kunnensu ya saba. Ka nemi wanda bai taɓa jin ta ba, ka kunna masa ba tare da ka ce taka ce ba, ka kalli fuskarsa. Inda ya ɗauki wayarsa ya fara dannawa, ka duba agogo ka rubuta.

In ka tashi gyara, kada ka goge tsohuwar. Ka kwafe baitukan a sabon shafi, ka sa kwanan wata, ka gyara abu ɗaya, ka rera daga farko har ƙarshe kafin ka taɓa na biyu, domin sauya ɗango ɗaya yakan girgiza amsa-amon baitin gaba ɗaya. In ka gama, ka tura wa wanda ya yi maka sharhin sabuwar tare da tsohuwar, ka ce: "Yaya, na gyara baiti na huɗu yadda muka yi magana, amshin kuma na rage shi. Ɗango na uku na bar shi yadda yake, ga dalilina. A sake saurara mini."